Kafin Ka Sayi Jif: Nasiha Ga Matasan Birnin Shehu

Ina fuskantar da wannan magana gare ku, ya ku 'ya'yana da ƙannena na Sakkwato, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa ƙofar samu a 'yan shekarun nan, ko ta aikin gwamnati, ko ta fataucin albasa da fata da hatsi, ko ta wata sana'ar zamani, har suka yi aure suka fara tara iyali, zukatansu kuma suka fara raya musu cewa lokaci ya yi da za a jingine babur, ko a sayar da 'yar ƙaramar motar da aka fara da ita, a shigo da jif gida. Wannan buri halal ne, babu kuma abin kunya a cikinsa, domin abin hawa mai kyau yana cikin ni'imomin da bawa ke roƙo; sai dai ni'ima takan rikiɗe ta zama jarrabawa idan aka shige ta ba da ilmi ba, kuma duk wanda ya zaga Mabera da Arkilla da Runjin Sambo zai ga jif a ƙofar wani gida an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta sun sace, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana, mai gidan kuwa ya koma tsayar da ɗan kabu-kabu kowace safiya. Abin da nake so ya zauna a zukatanku shi ne cewa kuɗin da aka ƙirga wa dillali ranar ciniki shi ne mafi sauƙin abin da mota za ta ci, kuma mai hankali yakan sayi wadda zai iya riƙewa, ko da hannunsa ya kai ga wadda ta fi ta.

Kakanninmu sun san wannan sarai a sha'anin doki, domin ba a taɓa yaba wa mutum don ya je kasuwar Kara ya ɗauko ingarma ba, sai an ga yana da barga, yana da harawa da dusa da kanwa, yana da yaron da zai yi masa kilisa safe da yamma. Wanda ya saya ba tare da waɗannan ba, kafin damina ta zagayo haƙarƙarin dokin ya fito, ya zama abin nuni a unguwa. Sun kuma san cewa abin hawa ƙofa ce babba ta riya da ujubu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a tun jihadi bai ƙare ba, ya bar rundunar wajen shekarar 1807 da nufin gabas, har ya yada zango a Kano inda ya rubuta Liya'ul Hukkami, kuma cikin abubuwan da ya zargi mutanen zamaninsa da su akwai tara dawakin ado don a gani a gari. Zamani ya juya, Landirobar En'e ta shuɗe, Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975 ita ma ta ja baya bayan ta yi wa iyayenku hidima mai tsawo, yau jif ce a bakin kowa. Amma zuciyar ɗan Adam tana nan yadda Malam Abdullahi ya same ta.

Saboda haka matakin farko shi ne muhasabar niyya, kuma malaman usulu sun ba mu ma'auni mai kyau a kan wannan, inda suka kasa maslahohin bayi gida uku, kamar yadda Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus, ya yi bayani mai faɗi: akwai larura, wadda rayuwa ba ta daidaita sai da ita, akwai buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci da wahala, akwai kuma ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa armashi kawai. To, ka zauna kai kaɗai bayan sallar isha'i ka tambayi kanka a wane gida jif ɗinka ta faɗa. Idan kai ma'aikacin lafiya ne ko malamin gona da ke shiga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, ko kana da gona a fadamar Wurno ko Kware wadda hanyarta rairayi ce da rani, taɓo da damina, ko mahaifanka suna wani ƙauye a ƙasar Tangaza da ba ka da ikon yanke zuwa gare su, to mota mai tsayin ƙasa buƙata ce a gare ka ta haƙiƙa. Idan kuwa zirga-zirgarka daga gida ce zuwa ofis, zuwa makarantar yara, zuwa babbar kasuwa, sai kuma tafiya Birnin Kebbi ko Gusau sau biyu ko uku a shekara a kan kwalta, to ka yi wa kanka adalci ka amsa cewa ƙawa ce. Ƙawa ba zunubi ba ce ga wanda ya sauke wajibai, amma ba a cin bashi dominta, ba a kuma taƙaita cefane saboda ita.

Idan ka tabbatar da buƙatarka, sai ka san cewa abin da jama'a ke tarawa su kira jif iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi abin da ido ke gani. Akwai waɗanda aka ɗora jikinsu a kan shasi mai ƙarfi irin na motar ɗaukar kaya, kamar Land Cruiser, wadda asalinta ke komawa 1951, da ƙanwarta Prado, da tsohuwar Pajero ta Mitsubishi. Waɗannan su ne na daji da gaske, suna da giyar ƙarfi ta fita daga rairayi da taɓo, suna kuma da nauyi da shan mai da tsadar gyara daidai da ƙarfinsu. Akwai kuma waɗanda aka gina a kan tsarin ƙaramar mota aka ɗaga su sama, kamar RAV4 da ta fito a 1994, da CR-V ta Honda da aka gina a kan tsarin Civic, da Highlander da Lexus RX, waɗanda 'yan uwan Camry ne ta ciki. Waɗannan sun fi taushin tafiya da sauƙin riƙo, sun ishi mai ratsa ramukan unguwa da kwatamin damina, amma da yawansu tayoyin gaba kaɗai ke jan su, don haka kada ka ga tsayi ka ɗauka fowil ce, sai ka leƙa ƙarƙashinta ka ga ko akwai sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Kada kuma fowil ta ruɗe ka ka shiga ruwa mai gudu, domin ambaliyar Satumba 2010, wadda ta yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta tafi da kwalta kanta, balle abin da ke tafiya a kanta.

Sannan ka ƙirga iyalinka kafin ka ƙirga fitilun mota. Jif mai layin kujeru biyu mutum biyar take ɗauka, daidai da Corolla. Mai layi uku kuwa, wadda ake cewa ta mutum bakwai, kujerun bayanta na yara ne, kuma da zarar an ɗaga su wurin kaya ya ƙare, sai a rasa inda za a sa buhun gero da akwatin uwargida. Mai mata biyu da yara shida, ko wanda ke ɗauke da mahaifiyarsa da ƙannensa, sau da yawa mota irin Sienna ta fi yi masa amfani, domin ta fi faɗi, ƙofarta ja ake yi, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa takan shiga ba sai an tallafe ta ba. Ka shawarci maiɗakinka a kan wannan, tun da ita ce za ta riƙa ɗora yara tana sauke su, watakila ma ita za ta fi ka tuƙa motar, kuma shawara ba ta rage wa maigida daraja.

Daga nan sai hisabi, wanda shi ne zuciyar al'amarin, kuma ina roƙonku ku yi shi da alƙalami da takarda, domin lissafin da aka yi da ka yakan bi son rai. Kafin ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati; cikin 'yan kwanaki ta haura 500 a nan Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Jif mai fulogi shida, irin Highlander ko Lexus RX, a cikin gari da na'urar sanyi a kunne, takan yi kimanin kilomita 7 da lita guda, alhali Corolla mai fulogi huɗu takan yi kimanin 11. Idan kana yin kilomita 30 a yini tsakanin kai yara makaranta da ofis da kasuwa da ziyarar dangi, ka yi 900 a wata. Jif za ta sha kusan lita 130, ƙaramar mota kuwa lita 80 da 'yan kai, wato bambancin ya haura lita 500 a shekara. Ka buga wannan da farashin da ka gani a gidan mai yau, ka ajiye adadin kusa da kuɗin makarantar ɗanka na shekara, ka dube su tare. Ka tuna kuma cewa dala, wadda ake canzarwa a kan naira 460 da ɗoriya a farashin gwamnati a farkon 2023, ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma kusan duk wani kayan gyara, daga taya zuwa batir zuwa shokozoba, da dala ake shigo da shi. Tayar jif kuwa ta fi ta ƙaramar mota girma da tsada, injinta ya fi cin baƙin mai a kowane sabis, ƙafarta ta fi yawan ƙarafan da ke lalacewa.

Ƙa'idar da zan ba ku a nan mai sauƙi ce. Nafaƙar iyali wajibi ce, da ci da sha da sutura da muhalli da magani, karatun yara kuma amana ne a wuyanka. Abin da ya yi saura bayan waɗannan, shi ne rabon mota. Idan ka tara kuɗi, kada ka zuba su duka a ciniki, ka bar wani kaso mai kauri a gefe, domin motar hannu ba ta shiga gida sai ta nemi taya ko batir ko gyaran ƙafa a watannin farko, ga kuɗin lamba da takardu da la'adar dillali. Kada ka sayar da gonar gado ko filin da ka saya a Gidan Dare ko Dambuwa don mota, domin ƙasa tana nan tana ƙara daraja kana barci, ƙarfe kuwa kullum tsufa yake yi. Idan ka ji wani ya sayar da motarsa fiye da yadda ya saye ta, faɗuwar naira ce ta yi masa wannan kwalliya, da zai nemi irinta a ranar da ya sayar, da kuɗin ba su isa ba. Bashi mai ruwa kuwa riba ce, hukuncinta ba ɓoyayye ba ne ga ɗan Sakkwato. Akwai hanyar murabaha, wadda bankunan Musulunci irin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, suke bi, inda banki ke sayen motar ya sayar maka da riba sananniya ka riƙa biya kashi-kashi. Wannan ta kuɓuta daga haramci idan an cika sharuɗɗanta, amma halaccin bashi bai ɗauke nauyinsa ba, kuma wanda rabin albashinsa ke tafiya kafin ya taɓa shi ya san yadda daren ashirin ga wata yake da tsawo.

Idan hisabi ya fita lafiya, saura ciniki, kuma a nan ne ake yi wa matasa sakiyar da ba ruwa. Sabuwa dal sai gwamnati da manyan attajirai. Mafi yawanmu tokumbo muke saye, wadda aka hau a Amurka ko Kanada ko Turai, ko kuma wadda aka riga aka mora a nan gida. Shekaru da dama motocinmu ta Kwatano suke biyowa, wasu su ratso Jamhuriyar Nijar su shigo ta Birnin Ƙonni da Illela, har ranar 1 ga Janairu 2017 da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa. Tun daga lokacin takardar kwastan ta zama abu na farko da za ka nema, domin motar da ba a biya mata duti ba, ko aka yi mata takardar jabu, ana iya karɓe ta a hannunka a kan hanyar Gusau ko ta Kontagora, iyalinka suna tsaye a rana, wanda ya sayar maka kuwa ya kashe wayarsa. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba wajen direba da kuma jikin ƙofa. Ka tabbata ta yi daidai da wadda ke cikin takardu harafi da harafi, ka kai ta ofishin kwastan a tantance, ka kuma sa wani yaro mai ilmin intanet ya bincika maka tarihinta, domin motocin Amurka da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, bayan sun yi haɗari ko ruwa ya ci su. Guguwar Harvey kaɗai, wadda ta auka wa jihar Texas a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma irin waɗannan sukan sha wanki da turare su tsallaka teku.

Dillali zai tarbe ka da fara'a, ya buga bayan motar da tafin hannu, ya ce, "Alhaji, wagga ba ta son komi, mai kawai za ka zuba ka tahi." Ka amsa masa da ladabi, amma ka zo da bakanikenka, wanda kai ka biya shi, ba shi da kaso a la'ada. Ku je da sassafe kafin a tayar da injin, domin inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa, ko da ƙara, ko da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Ka zaro sandar gwajin mai ka murza a yatsa, ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka duba cikinsa. Idan ka ga kumfa mai launin koko da madara, ruwa ya haɗu da mai, ka yi sallama ka tafi. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka ciro safaya ka duba ramin da take kwana, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa. Laka busasshiya ko tsatsa ko warin rima a waɗannan wurare shaidar ambaliya ce, kuma motar da ruwa ya shiga wayoyinta ba ta gama ba ka mamaki har ku rabu. Ka sa a ɗaga ta ka ga cikinta, domin a ƙasashen ƙanƙara gishiri ake watsawa a titi, yana cin ƙarfe daga ƙasa fenti na sama yana ƙyalli. Ka duba ko an yanke tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, an sayar. Idan an murɗa makulli, fitilun gargaɗi duka su kama sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ta aka yi don a ɓoye aibi. Mitar motar Amurka da mil take ƙirga, kowane mil kuwa kilomita 1.6 ne, kuma ana mai da mita baya, don haka ka gwada abin da ta nuna da yadda sitiyari da fedar birki da kujerar direba suka cinye. Daga ƙarshe a sa mata kwamfutar gwaji, a kuma hau kwalta da ita har ta yi zafi, a ji yadda giya ke shiga.

Shari'a ta riga ta tanadar muku kariya a wannan babi, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ko Muhtasar ya san cewa garari yana ɓata ciniki, cewa ɓoye aibi algushu ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan tsohon aibin da aka rufe masa ya bayyana. Amma haƙƙin da ba shi da shaida wuyar karɓa gare shi, saboda haka kada ka yi cinikin biri a sama, wato ka tura kuɗi Legas ko Kwatano a kan hoton da aka aiko maka ta waya; a rubuta yarjejeniya, a sa lambar shasi da ta inji, shaidu biyu su sa hannu, a kuma sauya sunan mai mota a takardu ba tare da jinkiri ba. Ranar da kai ma za ka sayar, ka tuna hukuncin nan yana kanka, ka faɗi aibin da ka sani ko da zai rage maka kuɗi. Ka yi istihara kafin ka biya, kuma idan aka ce maka wani na nan tafe da kuɗi a hannu, ka bar masa; sauri ya haifi nawa.

Wajen zaɓen iri, shawarata ita ce ka fara zagawa wurin makanikai a Buzaye kafin ka je wurin masu sayar da motoci. Ka tambayi makanikai wace mota suka fi sani, ka tambayi masu kayan gyara wace ce kayanta ke kan kanta a yau ɗin nan, wace ce kuma sai an aika Kano ko Legas a jira mako biyu. Abin da ya sa Toyota da Honda suka cika titunanmu ke nan, domin ko a Tambuwal ko Gwadabawa ta tsaya maka za ka sami wanda ya taɓa buɗe irinta. Manyan jif na Jamus da Ingila suna da daɗin hawa, kuma sau da yawa za ka ga tsohuwarsu da araha har ka yi mamaki. Arahar tana da dalili, domin mai ita ya gaji da ciyar da ita ne, kuma araha ba ta ado.

Idan Allah ya mallaka maka, to ka sani ƙasarmu tana da hukunci nata a kan inji. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, saboda haka lagireto da fankarsa su ne ran motarka. Ka zuba masa ruwan sanyaya inji na gaskiya, domin ruwan rijiya yana barin gishiri da tsatsa su toshe hanyoyinsa, kuma kada ka yarda a cire maka tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye da sunan wai motar ƙasar sanyi ce, alhali irin waɗannan motoci suna aiki a hamadar Larabawa yadda aka ƙera su. Idan allurar zafi ta tashi, ka tsaya nan take, ka kashe, kada ka buɗe murfin lagireto yana tafasa. Da hunturu ƙura takan toshe matatar iska, sai mota ta yi nauyi ta ƙara shan mai, don haka a riƙa duba ta a kai a kai. Ka yi sabis a kan lokaci da irin man da littafin motar ya ambata, ka guji man 'yan bumburutu sai bisa larura. Ka tambaya ko injinka bel yake amfani da shi ko sarƙa, domin tsofaffin Highlander da Lexus RX masu inji 3.0 da 3.3 bel gare su, wanda ake sauyawa wajen kilomita 145,000, masu 3.5 kuwa sarƙa ce.

Taya kuwa ta cancanci magana ta daban, domin a kanta rayukan iyalinka suke. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu a cikin ɗan zagaye. Idan ka ga 2319, ma'anarsa an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, kuma roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tayar gwanjo mai hoton dutse da ƙanƙara an yi ta ne don sanyin Turai, kwaltar Afrilu a hanyar Illela ba wurinta ba ce. Ka sa mai faci ya gwada iska da safe, daidai da adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 bayan da aka yi ta samun fashewarsu a jikin jif ɗin Ford Explorer, motocin suna kifewa da mutane, kuma abin ya fi tsanani a wurare masu zafi, har da Saudiyya. Darasin shi ne cewa mota mai tsayi ta fi ƙarama saurin wuntsilawa idan taya ta fashe ko aka karkata sitiyari da ƙarfi, shi ya sa Amurka ta wajabta na'urar daidaita mota a kan duk ƙananan motoci daga samfurin 2012; idan kana da zaɓi, ka nemi mai wannan na'ura, kada kuma ka labta kaya a rufinta.

Wannan ya kawo mu ga amana, wadda ta fi duk abin da ya gabata nauyi, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Jif takan sa direba ya ji kamar ba gudu yake yi ba, alhali dokar hanya ta iyakance ƙananan motoci ga kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ba ta gushe ba tana kiran gudu a cikin manyan sababban mutuwa a titunanmu. Kowa ya ɗaura bel, na gaba da na baya. Yaro ƙarami wurinsa baya, kada a rungume shi a kujerar gaba, domin jakar iskar da ke ceton babba tana iya halaka jariri. A lungunan tsohon gari, wajen Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da kewayen Hubbare, inda aka yi gini tun ba a san mota ba, yaro ɗan shekara biyu yana iya tsugunawa a bayan jif yana wasa da ƙasa, madubi bai nuna shi ba. Ka mai da shi wajibi a kanka ka zagaya motar da ƙafarka kafin ka tayar. Kada ka bar yaro a cikin mota a rufe ko da na shiga kanti ne, domin a zafinmu 'yan mintoci sun isa. Kada ka miƙa makulli ga ƙanenka da ba shi da lasin don ya je ɗaukar amarya ya yi wasa da mota a titi. Ka kuma yi inshorar gaskiya. Mafi ƙarancinta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta koma naira 15,000 tun Janairu 2023, ga kuma kamfanonin takaful ga mai son tsarin da ya dace da shari'a.

Sauran abin da ya rage shi ne ladabin mai abin hawa. Motar da kake hawa kayan ƙinya ce, babu zakka a kanta, amma akwai shukura, kuma shukurarta ita ce maƙwabciyar da naƙuda ta kama da tsakar dare ta sami mai kai ta asibiti, dattijon da ke tafiya masallacin Juma'a a rana ya sami wurin zama, mai tafiya a ƙasa kuma ya tsira daga ruwan kwata da ƙurar tayarka. Ka sa wa aro iyaka tun farko da kyakkyawar magana, domin aron mota ya raba zumunci da yawa. Ka kuma tuna halin rashin tsaro da hanyoyin gabashin jiharmu da na Zamfara suke ciki a 'yan shekarun nan. Mota mai ɗaukar ido tana sa a yi wa mutum ƙiyasin dukiyar da ba shi da ita, kuma rufin asiri shi ma ni'ima ne.

Ya ku 'ya'yana, wanda buƙatarsa ta tabbata, hisabinsa ya fita, ya sayi jif ɗinsa da halalinsa, Allah ya sa albarka, ya tsare shi da iyalinsa. Wanda kuwa ya yi lissafi ya ga sai ya taɓa cefane ko kuɗin makaranta ko gonar gado, to ya riƙe ƙaramar motarsa ko babur ɗinsa da ƙana'a, ya ci gaba da tari, kada maganar abokai a majalisa ta tunzura shi, domin ranar da inji ya buga babu ɗayansu da zai biya bakanike. Ku ɗauki alƙalami ku yi wannan lissafi tun kafin ku taka wurin dillali. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin hawa mai amfani, ya kai ku gida lafiya.